Manteia: tambayoyi da amsoshi kan kalmar Girkanci ta duba da faɗin gaibu

Masu karatun tarihi, ɗaliban Littafi Mai Tsarki da masu fassara sukan ci karo da wannan kalma, kuma tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, shi ya sa muka tara su wuri guda. Duk shekarar da muka sa wa "k.m." ta kafin miladiyya ce, wato kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Harshe da tarihi muke bayani a kai. Hukuncin duba a addini sananne ne, kuma ba shi ne aikinmu a nan ba.

Wace kalma ce, kuma yaya ake furta ta?

Manteia ce, da haruffan Girkanci μαντεία. Mutanen da suna furta ta kusa da "man-te-ya". Bagirken yau "mandiya" zai ce, yana danna "di", domin a bakinsu idan n da t suka haɗu sai su koma nd. Tana nufin neman sanin abin da ya ɓoyu ta hanyar abubuwan bautarsu, tana kuma nufin amsar da aka samo.

Tana da 'yan'uwa na ciki ɗaya da ya kamata a riƙe tare da ita. Mantis shi ne mai aikin, namiji ko mace, jam'insa manteis. Manteion shi ne wurin da ake zuwa tambaya. Mantike ita ce sana'ar kanta, yadda za a ce ƙira ko jima. Manteuomai kuma aikatau ne mai fuska biyu: yana iya nufin "na yi duba", yana iya nufin "na je an yi mini duba". Mai fassara da bai lura da jimlar ba zai iya mai da mai tambaya ya zama boka.

Da "duba" za a fassara ta ko da "annabci"?

Da duba, a mafi yawan wurare. Ƙamusoshin Turai kan jera ma'anoni biyun kafaɗa da kafaɗa, amma Hausa ba ta yarda da wannan haɗi ba, kuma Hausa ce ta fi gaskiya a nan. Annabci a bakinmu aike ne daga Allah zuwa ga mutane, ba wanda ya yi oda ko ya biya. Manteia kuwa mutum ne ke da damuwa, ya tashi ya je, ya biya, ya yi tambaya.

Ba ma gobe kaɗai take dubawa ba. Kalkas, mai duban rundunar Girkawa a waƙar yaƙin Taroya ta Homa, an kwatanta shi da wanda ya san abin da ke nan, da abin da ke zuwa, da abin da ya wuce. Aikin farko da aka sa shi a waƙar shi ne ya faɗi dalilin annobar da ke kashe mayaƙa. Wato "me ya jawo mana wannan?", tambayar da har gobe ita ce ke kai mutane wajen ɗan duba.

Kalmar da ta zama "annabi" a harsunan Turai daban take: prophetes, daga pro, "gaba" ko "a madadin", da phemi, "na faɗa". Asalinta mai magana da yawun wani, kamar sanƙira ko kakaki. A Delfi, wurin duban da ya fi suna a ƙasar Girka, akwai ma'aikatan haikali masu wannan muƙami, kuma masanin falsafa Aflatun ya dage cewa kada a kira su manteis, domin su masu bayyana abin da aka faɗa ne cikin hankalinsu. Girkawa ba su tsare wannan iyaka koyaushe ba, mace mai ba da amsa a Delfi ana kiranta da sunayen biyu.

Wanda ya gina katanga tsakanin kalmomin su ne Yahudawan Iskandariya da suka fara fassara Attaura zuwa Girkanci a ƙarni na 3 k.m. Inda Ibrananci ya ce nabi, sai suka sa prophetes. Inda ya ce ƙosem, mai duba, sai suka sa mantis da danginta. Shi ya sa a Maimaitawar Shari'a 18:10 abin da aka hana shi ne manteia, a Joshuwa 13:22 kuma Bal'amu mantis ne. A Sabon Alkawari sau ɗaya tak aikatau ɗin ya fito, a Ayyukan Manzanni 16:16, kan baiwar nan ta Filibi da ke samo wa iyayengijinta kuɗi da duba. Mai karatun Alƙur'ani ya san irin wannan rabewa tsakanin nabiyyi da kahin, kamar a Suratuɗ Ɗur aya ta 29. Saiwar ƙosem ma ita ce ta "tastaƙsimu" da ke Suratul Ma'ida aya ta 3, inda aka hana neman rabo da kibau. Har yau Bagirke idan zai ambaci Annabi Muhammadu (SAW), Profitis yake cewa.

Ƙa'idar aiki ke nan: mantis shi ne ɗan duba ko boka; prophetes a littafin addini annabi ne; prophetes a Delfi kuwa kakakin haikali ne.

Gaskiya ne asalinta daga "hauka" ne?

Aflatun ne ya yayata haka. Ya ce mutanen farko manike suke cewa, daga mania, fitar hankali, sai na baya marasa ɗanɗano suka cusa t a tsakiya. Labarin cusa harafin wasa ne da kalmomi irin nasa, amma yawancin masana harshe sun yarda cewa mantis da mania saiwarsu ɗaya, men, wadda ta shafi motsin zuciya da tunani. Sisero na Rum, a rubutunsa na shekara ta 44 k.m., har gori ya yi wa Girkawa a kan wannan: su Rumawa daga sunan abubuwan bauta suka ciro tasu kalmar, divinatio, Girkawa kuwa daga hauka.

Iri nawa ce?

Masanansu sun kasa ta biyu. Akwai wadda ba a koyo: abin bauta ya shiga mutum ya yi magana da bakinsa, ko ya nuna masa a mafarki. Akwai kuma ta koyo, wato karanta alamu: tashin tsuntsu, hantar dabba, harshen wuta, tsawa, atishawa, maganar da aka ji a bakin mai wucewa, ƙuri'a. Ta farko ta fi suna, amma ta biyu ce aikin yau da kullum, kuma gado ce a wasu gidaje, kamar zuriyar Iyamos da ke duba a bagadin Olimfiya. Mai duban tsuntsu arewa yake fuskanta, abin da ya fito ta damansa, wato gabas, alheri ne, na hagu kuma akasin haka.

Idan mutum ya je Delfi, me ake yi daki-daki?

Delfi na gefen dutsen Farnasos, kimanin kilomita 180 daga Atina ta hanyar mota ta yau. Haikalin na abin bautarsu Afolo ne, mai ba da amsa kuma mace ce mai muƙamin Fitiya, Pythia a rubutunsu. 'Yar garin ake zaɓa, kuma a cewar marubucin tarihi Diyodoros, tun da wani mutumin Tesaliya ya sace wata budurwa mai muƙamin aka koma naɗa wadda ta haura shekara 50, sai dai a sa mata kayan 'yan mata. Marubuci Fulutarkos, wanda ya yi hidima a haikalin wajen shekara ta 100 miladiyya, ya ce ta zamaninsa 'yar gidan talakawan manoma ce da ba ta yi karatu ba.

Matsala ta farko rana ce. Ranar 7 ga wata ake zama, kuma wata uku na hunturu ba a yi, don sun ce Afolo ya yi tafiya. Kwana 9 ke nan a shekara ga duk ƙasar Girka da maƙwabta. Lokacin da kasuwar ke ci, mata biyu ke karɓa-karɓa, ta uku na jiran ko-ta-kwana.

Da asuba Fitiya za ta yi wanka a maɓuɓɓugar Kastaliya, ta ƙona ganyen dafni, bishiyar Afolo mai ƙamshi, da garin sha'ir a murhun haikali. Sai a kawo akuya a yayyafa mata ruwan sanyi. Girgiza kai kaɗai bai wadatar ba, sai jikinta duka ya ɗauki rawa tun daga kofato. In ta yi, a yanka ta a babban bagadin waje, an buɗe ranar. In ta tsaya ƙyam, an tashi, kowa ya jira wata mai zuwa ko da daga Sisili ya taso.

Mai tambaya kuma zai yi tsarki da ruwa, ya biya pelanos, wanda asalinsa waina ce ta hadaya kafin ya koma kuɗi, kamar dai kafin alƙalami. Sai layi: 'yan gari tukuna, sannan waɗanda aka bai wa promanteia, wato izinin shiga gaba, sauran kuma a yi musu ƙuri'a. Wannan izini babbar kyauta ce. Mutanen tsibirin Kiyos da suka gina babban bagadin, a jikinsa aka sassaƙa cewa an ba su shi. Baƙo ba ya shiga shi kaɗai, sai da ɗan gari mai tsaya wa mutanen ƙasarsu, kuma sai ya sake yanka tunkiya ko akuya tasa. Daga nan ya zauna kusa da adyton, ƙuryar da ba a shiga, inda Fitiya ke zaune kan wani kasko mai dogayen ƙafafu uku. A faɗi tambaya da baki, ta amsa da baki, da muryar Afolo, tana cewa "ni". Jakadun gari su rubuta su kai gida.

Gwajin akuyar nan ba wasa ba ne a wurinsu. Fulutarkos ya ba da labarin ranar da wasu manyan baƙi suka zo daga nesa, dabbar ta ƙi motsi, ma'aikata don neman suna suka yi ta kwara mata ruwa har ta yi rawar dole. Fitiya ta shiga ba da son ranta ba, muryarta ta fito a shaƙe, can sai ta kurma ihu ta yi hanyar ƙofa ta faɗi, kowa ya watse har da kakakin haikali. Da suka dawo suka ɗauke ta tana cikin hayyacinta, amma bayan 'yan kwanaki ta rasu. Abin lura a labarin: ihu da faɗuwa alamar aiki ya ɓaci ne. A ranar da komai ya tafi daidai, a natse take magana. Saboda haka mai fassara ya yi hattara da kiranta 'yar bori. Akwai kama ta fuskar wani ya yi magana da bakinta, amma zaman Delfi ba na garaya da rawa ba ne, ya fi kusa da zaman fada.

Nawa ake biya?

Ya danganta da yarjejeniyar garinku da Delfi. Wani rubutu a dutse na wajen shekara ta 400 k.m. ya nuna abin da aka yanka wa mutanen Faselis, a kudancin Turkiyya ta yau: tambayar gari dirakma 7 da obol 2, ta mutum ɗaya obol 4. Obol 6 ne dirakma, don haka gari na biyan ninki 11 na abin da mutum ke biya. A wancan zamani dirakma ɗaya kusan ladan yinin gwanin magini ne a Atina, kuma daga sunanta Larabci ya samo dirhami. Kuɗin ƙofa ba shi ne nauyin ba. Dabbar yanka, guzuri, masauki da kwanakin jira su ne ke cinye aljihu.

Yaya ake tsara tambaya?

Ba a nan ake cewa "faɗa mini abin da zai same ni" ba. Tambaya iri biyu ce ta fi yawa: "shin ya fi alheri in yi kaza?" da "wane abin bauta zan yi wa yanka don kaza ya yi kyau?" Wanda ya tsara tambaya ya riga ya yanke rabin amsa. Zenofon, marubuci ɗan Atina, da zai shiga rundunar Sairus ƙarami, ƙanen sarkin Farisa, a 401 k.m., ya tambaya wa zai yi wa yanka don ya je lafiya ya dawo lafiya. Da ya koma, malaminsa Sukurat ya yi masa faɗa: ai "in je ko kada in je" ya kamata ka fara tambaya, amma tun da haka ka yi, sai ka bi abin da aka ce.

A Dodona, can arewa maso yamma, inda haikalin Zeyus yake gindin wani katon itacen oak, a ɗan fallen dalma ake rubuta tambaya a naɗe. An tono su da yawa, kuma a 2013 aka buga rubuce-rubuce sama da 4,000 daga cikinsu. Nan ne ake jin muryar talaka. Wani Lisaniyas na tambaya ko cikin da Annila ke ɗauke da shi nasa ne. Wani Agis ya rasa barguna da matasan kai, yana son ya san ko wani na waje ne ya sace. Wani na tambaya ko kiwon tumaki zai karɓe shi. Bayi na tambaya kan 'yanci.

Gari kuwa yakan yi dabara don kada siyasa ta shiga. A 352 k.m. Atinawa sun yi saɓani kan wani fili mai alfarma kusa da Elusis: a ba da shi haya ko a bar shi ba noma. Suka rubuta zaɓi biyun a fallayen kuza guda biyu masu girma ɗaya, aka naɗe kowanne aka lulluɓe da ulu, aka jefa cikin tulun tagulla a gaban jama'a, aka girgiza. Wanda aka fara zarowa aka sa a tulun zinariya, na biyu a na azurfa, aka buga hatimin gari, kuma duk ɗan gari da ya so ya ƙara nasa hatimin. Sannan aka aiki mutum uku Delfi da tambaya ɗaya: na zinariya ko na azurfa? Ba jakadun, ba Fitiya, ba wanda ya san abin da ke cikin kowane tulu. Filin dai aka bar shi ba noma.

Ba an ce amsoshin duk masu harshen damo ba ne?

Waɗanda suka yi suna, e. Kurisos sarkin Lidiya an ce masa in ya yaƙi Farisa zai rusa babbar daula, ya yaƙa, tasa ta rushe wajen 546 k.m. Atinawa a 480 k.m. an ce musu "katangar katako" za ta tsirar da su daga Farisawa, jagoransu Temistokilis ya ce jiragen ruwa ake nufi, suka ci yaƙi a Salamis. Amma labarin Kurisos, marubucin tarihi Hirodotus ya rubuta shi kusan shekara ɗari bayan faruwarsa, bayan ya sha gyara a bakin masu ba da labari. Joseph Fontenrose a 1978 ya tace ɗaruruwan amsoshin da ake jingina wa Delfi, ya ware waɗanda aka rubuta a zamanin da aka ba da su. Ba su kai ɗari ba, kuma galibinsu magana ce a fili: ku yi, kada ku yi, ku yanka wa wane. Wasu masana na ganin ya tsananta tacewar. Duk da haka hukuncinmu shi ne kacici-kacici ya fi yawa a adabi, umarni ya fi yawa a dutse.

Hayaƙi ne daga ƙasa ke bugar da ita?

Marubutan da sun ambaci wani numfashi mai fitowa daga ƙasa, Fulutarkos kuma ya ce wani lokaci ƙamshi kan cika ɗakin jira. Faransawa da suka fara tono wurin a 1892 ba su ga wani rami ba. Wajen 2001 Jelle de Boer da John Hale suka ce tsagogin ƙasa biyu sun gicciye a ƙarƙashin haikalin, kuma sun sami ɓurɓushin iskar etilin a ruwan wurin. Masu suka suka amsa cewa adadin ya yi kaɗan ƙwarai da zai juya kan mutum, kuma in ya kai yawan da zai juya, ɗakin da ke da murhu zai kama da wuta. Ko da iskar ta tabbata, ba ta bayyana Dodona ko Didima ko Kalaros ba, inda ake aiki iri ɗaya ba tare da ita ba.

Mene ne aikin mantis a fagen yaƙi?

Nan ne kuɗi da haɗari suke. Ba rundunar Girkawa da ke fita ba mai duba, Sfartawa ma da garken tumakinsu suke tafiya. Yanka iri biyu ne. Hiera a sansani ake yi, a natse: a yanka tunkiya, a ciro hanta a duba santsinta da launinta, da matsarmama, da jijiyoyin da suke kira "ƙofofi", musamman wani ɗan tudu da suke kira "kai". Hantar da ba ta da kai ita ce mafi munin alama. A kan wuta kuma a sa wutsiya, in ta lanƙwashe sama an karɓa. Sphagia kuwa ana ganin abokan gaba ake yinta, ba wuta ba buɗe ciki: a soke wuyan akuya, a duba zubar jini da yadda ta faɗi.

In alama ba ta yi ba, a sake. A Filatiya a 479 k.m. Sfartawa sun zauna bayan garkuwoyinsu kiban Farisawa na zuba a kansu, ana ta yanka har ta yi kyau, sannan suka tashi. A tashar Kalfe, a 400 k.m., rundunar Zenofon ta yi yanka har sau uku ba sa'a, abinci ya ƙare, tumaki suka ƙare har aka sayi san amalanke aka yanka. Wani kwamanda mai suna Niyon ya gaji, ya fita neman abinci da mutum 2,000, mahayan Farisa suka kashe masa kusan 500.

Lada fa? Mai duba Silanos ya gaya wa Sairus cewa yayansa sarkin Farisa ba zai yi yaƙi cikin kwana 10 ba. Da kwanakin suka cika ya karɓi darik 3,000 na zinariya, daidai da dirakma 60,000. Tisamenos na Elis kuma bai yarda ya yi wa Sfarta aiki ba sai da aka ba shi da ɗan'uwansa 'yancin zama 'yan ƙasa, abin da Sfartawa ba sa bayarwa.

Kuskure mafi tsada a Sirakus, birnin tsibirin Sisili da Atinawa suka kai wa yaƙi, aka yi shi. Daren 27 ga Agusta 413 k.m., rundunar Atina ta gama shirin sulalewa ta teku, sai wata ya yi zazzaɓi. Gogaggen mai duban kwamanda Nikiyas, Istilbidis, bai daɗe da mutuwa ba. Waɗanda suka rage suka ce a jira kwana tara sau uku, 27 ke nan, Nikiyas ya ce ba ma za a tattauna ba. Wankin hula ya kai su dare: aka toshe bakin tashar, rundunar ta hallaka, aka kashe shi, aka zuba dubbai a ramukan fasa dutse. Daga baya wani masanin duba, Filokoros, ya ce karatun ne ya karkace, domin mai gudu duhu yake so, ɓoyewar wata alheri ce gare shi. Shi ya sa Zenofon ke cewa shugaba ya koyi karanta hanta da kansa, ya tsaya a wurin yanka, kada mai duba ya juya shi.

Wanda ba shi da halin zuwa Delfi fa?

Akwai na araha. A kasuwar Farai da ke Akaya, mutum kan zo da yamma gaban gunkin abin bautarsu Hamis, ya ƙona turare, ya cika fitilu da mai ya kunna, ya ajiye kwabo ɗaya a bagadi ta dama, ya raɗa tambayarsa a kunnen gunkin. Sai ya toshe kunnuwansa da hannu har ya fita kasuwa. Maganar farko da ya ji bayan ya buɗe, ita ce amsa.

A garuruwan kudu maso yammacin Turkiyya ta yau, a ƙarni na 2 miladiyya, ginshiƙi ake kafawa a dandali. Mutum ya jefa ƙasusuwan idon sawun tunkiya guda 5. Kowane ƙashi gefe huɗu yake faɗuwa, masu daraja 1, 3, 4 da 6, don haka haɗuwa 56 ce kawai ke yiwuwa, kuma kowace an sassaƙa amsarta a jikin dutsen. Ba boka, ba layi, sai dai ka iya karatu ko ka sami mai karanta maka.

Ana maguɗi?

Ana yi, kuma su da kansu suka rubuta. Wajen 491 k.m. sarki Kiliyomenis na Sfarta ya bi ta hannun wani babban ɗan Delfi, Kobon, aka sa Fitiya mai suna Feriyalla ta ce abokin sarautarsa Demaratos ba ɗan halak ba ne. Da asiri ya tonu aka kori Kobon daga gari, aka tuɓe ta. A Atina an kama Onomakiritos, mai tara tsofaffin amsoshi, yana cusa nasa a ciki, aka kore shi.

Wanda aka fi fallasa dabarunsa shi ne Iskandari na Abonutaikos, a gaɓar Baƙin Teku, a ƙarni na 2 miladiyya, mai macijin nan Gilikon da aka yi wa kan ƙyalle mai kama da na mutum. Marubuci Lukiyan, wanda maƙiyinsa ne, ya ce mutane kan kawo tambaya a rufe da hatimin kaki, kowace dirakma 1 da obol 2. Da dare a ɗumama allura a zare hatimin ta ƙasa, a karanta, a sake ɗumama kakin a manna. Ko a ɗauki siffar hatimin da wani haɗi mai daskarewa, a fasa, a buga sabo. Tambayar da wani babba ya yi wadda za ta iya jefa shi cikin matsala da hukuma kuwa ba a mayar masa, riƙe ta ake yi ana tatsarsa.

Me ya haɗa manteia da bugun ƙasa?

Suna ne. Kalmomin Ingilishi masu ƙarewa da mancy da na Faransanci masu ƙarewa da mancie duk jikokin manteia ne: a sa sunan abin da ake dubawa a gaba, kheir hannu, oneiros mafarki, hydor ruwa, pyr wuta, ge ƙasa. Amma bugun ƙasa da aka sani a ƙasar Hausa, mai gidaje 16, kowanne layi huɗu na ɗigo ɗaya ko biyu, da uwaye huɗu da ake fitar da sauran daga cikinsu, ba na Girkawan da ba ne. Ilmur ramli ne na Larabawa. Da aka fassara shi zuwa Latin a Sifen a ƙarni na 12, sai aka ara masa tsohuwar kalma geomantia. Girkawan Rumawan Gabas ma da ya iso musu, rabolion suka kira shi, daga ramli. Wanda ya ga sunan Girkanci ya ce daga Girka aka kawo shi, ya bi rigar ne ya bar mai ita.

Wata kalmar da ta ɓata a hanya ita ce nekromanteia, tambayar matattu, daga nekros, gawa. Marubutan Latin na tsakiyar zamani suka ji kamar niger, baƙi, suka mai da ita nigromantia, ma'anarta ta faɗaɗa ta zama baƙin sihiri kowane iri.

Fassarar mafarki na ciki?

Tana ciki. Artemidoros na Daldis, a ƙarni na 2 miladiyya, ya bar littafi mai kashi 5, na ƙarshe mafarkai 95 ne da abin da ya biyo bayansu. Ya raba mafarkin da ciki ko damuwa ke kawowa, kamar mai yunwa ya ga yana cin abinci, da mai ɗauke da saƙo. Ya ce kada a fassara sai an san ko wane ne mai mafarkin, sana'arsa, asalinsa, dukiyarsa, lafiyarsa da shekarunsa. Masu duban tafin hannu, da na rariya, da na cuku, duk maƙaryata ya kira su. Kashi uku na farko sun shiga Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, a fassarar da ake jingina wa Hunainu ɗan Is'haƙa.

Ƙwaron nan da Turawa ke kira mantis, daga nan ne?

Daga nan ne, kuma ƙoƙi-ƙoƙi ce, matar Gizo ta tatsuniya. Girkawa tun da suna kiranta mantis, masanin halittu Linnaeus kuma a 1758 ya sa wa wadda aka fi sani a Turai sunan da daga baya ya zama Mantis religiosa, saboda yadda take naɗe hannuwan gaba kamar mai roƙo.

Yaushe aka daina, kuma kalmar na nan?

Tun zamanin Fulutarkos Fitiya ɗaya ta wadatar, tambayoyin kuma sun koma na aure, bashi da tafiya. Da daular Rum ta karɓi Kiristanci, dokar 357 ta hana zuwa wajen masu duba, dokokin Tiyodosiyus na 391 da 392 suka hana yanka da duban kayan ciki, haikalai suka mutu. Kalmar kam tana raye. Girkawan yau na kiran duban gindin kofin gahawa kafemandiya, na karta kuma hartomandiya. Aikatau ɗin ya sauko ƙasa sosai, ya zama "canka": yaro zai rufe wa ƙanwarsa ido ta baya ya ce "mandepse pios", canki ko wane ne.